Kafin ku sayi kondo a Amurka: abin da mai duba gida yake gani da wanda ba ya gani

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da maigidana muna zaune a jihar Maryland, shekara shida ke nan muna haya. Mun samu kondo, wato sashen da mutum yake saya a cikin babban gini mai masu gida da yawa, mai ɗaki biyu da falo a hawa na biyu na wani gini da aka yi a 1972. Mun taya, an sallama mana, har mun ba da kafin alƙalami. Dillaliyarmu ta ce muna da kwana bakwai mu kawo mai duba gida. Maigidana yana ganin asarar kuɗi ce, tunda ƙungiyar masu gida ce ke kula da ginin, kuma ga sabon fenti ko'ina. Me ake yi a wannan dubawa, kuma dole ce?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah ya sanya alheri, ya sa ku shiga a sa'a.

Doka ba ta tilasta muku ba, kuma galibi banki ma ba ya nema. Wanda banki zai turo mai ƙiyasta farashi ne, aikinsa kawai ya tabbatar wa banki cewa gidan ya kai kuɗin da za a ba ku bashi. Ko famfo yana ɗiga a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, wannan ba damuwarsa ba ce. Mai duba gida kuwa ku kuke ɗauko shi, ku kuke biyansa, ku yake wa aiki. Wannan ita ce sana'ata a nan Maryland, kuma shawarata ɗaya ce: ku yi dubawar, ku je da ƙafarku ku biyun, sannan a cikin makon nan ku zauna ku karanta takardun ƙungiyar. A yankinmu kondo irin wannan dala 300 zuwa 450 ake caji, aikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu ne. Ku tabbata mutumin yana da lasisin jiha, domin a Maryland sai da shi ake wannan aiki, kuma ku nemi ya nuna muku samfurin rahoton da ya taɓa rubutawa kafin ku ɗauke shi.

Maganar da maigidanki ya yi akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce. Sayen kondo kamar shiga gidan gado ne. Sashenku naku ne, daga fenti zuwa ciki. Rufi, harsashi, bangon waje, matakala, manyan bututun da suka ratsa ginin daga sama har ƙasa, duk na kowa da kowa ne, kuma kuna da kaso a ciki. To ƙungiyar da ake cewa tana kula da ginin ba wasu ba ne illa ku da maƙwabtanku, kuɗin da take kashewa daga aljihunku yake fitowa. In rufi ya lalace ba a ajiye kuɗin gyara ba, karo-karo za a yi, ko kuna hawa na ɗaya ruwa bai taɓa ɗigo muku ba. Akwai kuma kashi na uku da ke rikita mutane: baranda, tagogi, ƙofar shiga, wurin ajiye mota. Ku kaɗai kuke amfani da su, amma a takarda sau da yawa na ƙungiya ne. Wa zai biya in taga ta ruɓe? Kowane gini da nasa tsarin, yana rubuce a takardar kafa ƙungiyar. Ki nemi wannan shafi ki kawo wa mai dubawa ranar aikin, zai taimaka masa ya san abin da zai ja hankalinku a kai.

Ni da ruwa nake farawa, domin a kondo ruwa ne babban abokin gaba. Da na shiga sai in buɗe famfunan wanka da na kicin, in bar su suna zuba, in kunna injin wanke kwanuka, in akwai injin wanki shi ma in tayar da shi. Ina kallon ƙarfin ruwan idan an buɗe famfo biyu lokaci guda, ina kallon ko kwatami yana shanyewa da sauri ko yana taruwa. In durƙusa da tocila a ƙarƙashin kowane wurin wanke hannu, in shafa bututu da busasshiyar takarda, in danna katakon ƙasan kabad in ji ko ya yi laushi. Masai kuwa sai na sa gwiwa na girgiza shi. In yana motsi, akwai yiwuwar kakin da ke like shi da bututu ya saki, ruwa yana sulalewa ƙasa a hankali ba wanda ya sani sai maƙwabcin ƙasa.

Sabon fenti da kika ambata shi ne dalilin da ya sa nake yawo da na'urar auna laima. Ƙaramin abu ne kamar wayar hannu, a manna shi a bango ya nuna ko akwai danshi a ciki. Na taɓa shiga wani banɗaki da aka yi wa fenti fari ƙal, mai sayen har tana cewa shi ya fi burge ta a gidan. Na ɗaga na'urar na manna a silin daidai saman bahon wanka, sai ta nuna jiƙe yake. Na kashe fitila, na haska tocila ta gefe, sai ga wani da'ira kamar faifai ya ɗan kumbura a ƙarƙashin fentin. Bahon maƙwabcin sama ne yake yoyo, an rufe tabon da fenti ba a gyara tushen ba. Kyan ɗan maciji ke nan. Ba lallai ne mai sayarwa ya yi da mugun nufi ba, kowa yana fenti kafin ya sa gida a kasuwa, amma fenti ba ya tsayar da ruwa.

A nan zan ɗan tsaya, saboda abin ya shafe mu musamman. Mu mutane ne masu amfani da ruwa a banɗaki: tsarki, alwala sau biyar, wanke ƙafa. Banɗakin Amurka kuwa ba a yi shi don a jiƙa ƙasansa ba. Babu magudana a daɓen, kuma a gine-gine da yawa katako ne a ƙarƙashin tayil. Saboda haka ki sa mai dubawa ya kalli layin farin danƙon da ke tsakanin baho da bango, da tsakanin tayil da tayil, ya gaya miki ko ya dare. In kuna da niyyar sa 'yar butar famfo a gefen masai, ku ba ƙwararren mai gyaran famfo ya sa, kuma ku riƙa rufe makunninta bayan amfani. Dalili shi ne a Maryland, in ɓarna ta faro daga sashenka, doka ta ba ƙungiya damar ɗora maka kason farko na kuɗin gyara kafin inshorar ginin ta biya sauran, kuma a 2020 aka ɗaga iyakar wannan kuɗi daga dala 5,000 zuwa 10,000. Shi ya sa inshorar da ake kira HO-6, wadda mai kondo yake yi wa cikin sashensa, ba abin wasa ba ce. Ki kuma sa a nuna miki inda ake rufe ruwan sashenku gaba ɗaya. A tsofaffin gine-gine wani lokaci babu shi sam, sai an rufe na duk layin daga ƙasa, ka tsaya kana kallon ruwa yana malala har ma'aikacin ginin ya iso.

Daga ruwa sai wuta, kuma shekarar 1972 da kika faɗa ita ta sa na gyara zama. Daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon shekarun 1970 jan ƙarfe ya yi tsada a Amurka, magina da yawa suka koma amfani da wayar alminiyom. Ita wannan waya tana buɗewa da zafi, ta tsuke da sanyi, a hankali ta saki a inda aka ɗaure ta da soket, wurin ya riƙa ɗaukar zafi a cikin bango. Ana gyarawa, akwai mahaɗai na musamman da ake sawa a kowane soket da makunni, amma aikin mai lasisi ne kuma da kuɗi, wasu kamfanonin inshora ma sukan yi jan ƙafa in sun ji akwai ta. Mai dubawa zai kwance murfin akwatin wuta ya leƙa. In wayoyin launin azurfa ne maimakon ja-ja, zai rubuta. Zai kuma karanta sunan kamfanin da ya ƙera akwatin. In ya ga Federal Pacific mai tambarin Stab-Lok, ko Zinsco, kusan kowane mai duba gida zai ce a canza, domin an san makunnansu da ƙin yanke wuta lokacin da kaya suka yi wa layi yawa, alhali wannan ne kawai aikinsu. Sauran mai sauƙi ne: a soka na'urar gwaji a soket ɗaya bayan ɗaya, a tabbatar na kusa da ruwa a kicin da banɗaki irin mai madanni biyu ne da ake kira GFCI, wanda ke katse wuta nan take in ta fara bin jikin mutum.

Na'urar ɗumama gida da ta sanyaya shi, da tankin ruwan zafi, tambayar farko a kansu ita ce na wa ne. A tsofaffin kondo da yawa na wannan yanki, waɗanda asali gidajen haya ne aka mayar da su na sayarwa, tukunya ɗaya ce a ƙasan gini take ba kowa zafi da sanyi, kuɗinta yana cikin abin da ake biya duk wata. Ƙungiya ce ke yanke ranar da za a juya daga zafi zuwa sanyi, don haka akan samu mako biyu a watan Afrilu ko Oktoba ana shan wahala. In kuwa naku ne na kanku, mai dubawa zai karanta lambar da ke jiki ya gano shekarar ƙira. Tankin ruwan zafi shekara takwas zuwa sha biyu yake yi, na'urar sanyi ta kan kai sha biyar. Wanda ya wuce haka yana iya aiki yau, amma ku sa kuɗinsa a lissafi. In ranar ana sanyi sosai ba zai kunna na'urar sanyaya ɗaki ba, don kada ya lalata ta, zai rubuta cewa bai gwada ba.

A kicin akwai gwajin da nake yi wa mutanenmu kullum. In kunna fankar da ke saman murhu, in manna mata takarda in ga ko ta riƙe, sannan in buɗe kabad ɗin sama in duba ko akwai bututun da ya fita waje. A kondo da yawa babu, fankar tana zuƙar hayaƙi ne ta mayar da shi cikin kicin. Ga mai dafa taliya da miyar gwangwani ba matsala, amma mai soya manja da attaruhu da daddawa gara ta sani tun yanzu, domin ƙamshin har baranda ta maƙwabta zai kai, kuma ba za a bar ku ku huda bangon waje ba sai da izinin ƙungiya. Haka ma na'urar ƙararrawar hayaƙi. Shekara goma take yi a canza, ranar ƙira tana rubuce a bayanta, kuma tun 2018 Maryland ta ce masu aiki da batir kaɗai su zama irin wanda batirinsa a rufe yake na shekara goma. Ina roƙonki, in turaren wuta ya tayar da ita kada a cire ta a jefa a durowa. Na sha shiga gidaje in tarar da gurbinta kawai a silin. A buɗe taga, ko a sa turaren nesa da ita. In akwai gas a gidan, a tabbatar akwai ƙararrawar da ke jin gubar iskar da ba ta da wari.

Tagogi, ƙofofi, daɓe, waɗannan ba sa cin lokaci: a buɗe a rufe, a duba ko gilashi mai ruɓi biyu ya yi hazo a tsakiya. Baranda ce nake daɗewa a kai. In girgiza ƙarfen kariya da ƙarfi, in auna tazarar sandunansa saboda kan yaro, domin na da sun fi inci huɗu da ake bi yanzu faɗi. In duba kankaren ko rodi ya yi tsatsa ya fara tura siminti waje. Na baranda ɗaya nake gani, amma yana ba ni labarin sauran hamsin ɗin.

Akwai abubuwan da ba sa cikin dubawar yau da kullum, sai an nema an ƙara kuɗi. Duk gidan da aka gina kafin 1978 yana iya samun fenti mai gubar dalma, kuma dokar tarayya ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana abin da ya sani, ya ba ku kwana goma ku gwada in kuna so. In kuna da ƙananan yara ko ana jiran haihuwa, kada ki sa hannu a layin da ke cewa kun yafe wannan dama ba tare da kin yi tunani ba. Silin mai ƙurji-ƙurji da tsohon tayil na roba suna iya ɗauke da asbestos, wani sinadarin gini da ƙurarsa ke cutar da huhu, ba ya cutarwa in an bar shi a zaune, amma ranar da kuka ce za ku kankare ku gyara, sai an gwada tukuna. Iskar radon kuma, wata iska mai cutarwa da ke tasowa daga ƙasa ta taru a cikin gida, hukumar kare muhalli ta Amurka ta ba da shawarar a gwada duk gidan da ke ƙasa da hawa na uku, kun shiga ciki ke nan. Kwana biyu gwajin yake ɗauka, don haka a sa na'urar tun ranar farko.

Yanzu ga iyakar aikin. Mai duba gida ba ya fasa bango, ba ya ɗaga kafet, ba ya ture kabad. Abin da ido da na'ura suka kai shi yake rubutawa, a yadda ya same shi ran nan. Rufin ginin, ɗakin tukunya, harsashi, galibi ba sa cikin yarjejeniyarsa, sau da yawa ma a kulle suke. Ni dai nakan zaga da mai saye mu bi matakala, mu leƙa ɗakin wanki da na ajiya, mu tsaya a fili mu kalli bangon waje, magudanan rufi da kwaltar ajiye motoci. Bokiti a tsakiyar dogon zaure, tabon ruwa a silin na hawa na ƙarshe, ƙofar kariya daga gobara da aka tokare da bulo, duk shaida ce kan yadda ake riƙe da gidan. Amma leƙe ne kawai. Abin da zai ci muku kuɗi mai yawa, a takarda za ku same shi.

Kin ji labarin Surfside a jihar Florida. Ranar 24 ga Yuni 2021, da tsakar dare, wani sashe na ginin kondo mai hawa 12 da ake kira Champlain Towers South ya rufta, mutum 98 suka rasu. Tun 2018 injiniya ya rubuta wa ƙungiyar rahoto cewa kankaren da ke ƙarƙashin dandalin wurin ninƙaya ya yi mummunar lalacewa. Aka yi ta ja-in-ja kan kuɗi, sai a watan Afrilun 2021 aka amince da karo-karon kusan dala miliyan 15, inda mai ɗaki ɗaya zai biya wajen dala 80,000. Da wani ya ɗauko ni in duba masa sashe a ginin nan wata guda kafin abin ya faru, da famfo da wuta da murhu duk sun yi daidai, in rubuta masa rahoto mai kyau. Gargaɗin yana cikin rahoton injiniya da wasiƙun shugabannin ƙungiya. Bayan wannan musiba ne Fannie Mae da Freddie Mac, masu sayen bashin gidaje daga bankuna, suka tsaurara sharuɗɗa kan gine-ginen da ke da babban gyara da ba a yi ba. Ma'ana, ginin da ya shiga wannan sahu, ko kun samu kun saya, ranar sayarwa mai saye zai sha wuya kafin ya samu bashi.

Dokar Maryland ta wajabta a ba ku kundin takardun ƙungiya, kuma daga ranar da suka zo hannunku cikakku kuna da kwana bakwai ku fasa cinikin a rubuce, a mayar muku da kafin alƙalaminku, ba sai kun ba da dalili ba. Wannan kwana bakwai daban ne da na dubawa, kada ki haɗa su. Kundin yana da kauri, mutane da yawa ba sa buɗe shi. Ki fara da binciken asusun ajiya, wato lissafin da ƙwararre ya yi na shekarun da suka rage wa rufi, bututu, baranda da kwalta, da kuɗin da ya kamata a ce an tara. Tun 2022 jihar ta wajabta wa ƙungiyoyin kondo yin wannan bincike da sabunta shi duk shekara biyar. Ki gwada abin da ya ce a tara da abin da ke cikin asusun a zahiri. In tazarar tana da faɗi, ko dai kuɗin wata zai tashi, ko wasiƙar karo-karo tana hanya. Kada ƙarancin kuɗin wata ya ruɗe ku, banza ba ta kai zomo kasuwa. Gini mai shekara hamsin da ake karɓar ɗan kaɗan a wata, galibi gyara ake turawa gaba ga wanda zai saya.

Sannan ki roƙi rubutaccen bayanin tarurrukan shugabannin ƙungiya na shekara ɗaya ko biyu, ko da bai zo a kundin ba. A nan ake jin gaskiya: layin bututun da ya fashe sau uku, ƙarar da ake yi da ɗan kwangila, mutum nawa suka daina biyan kuɗin wata, kuɗin cizo ko ɓeraye a wane gini. Wani bawan Allah da na yi wa aiki, sashensa tsaf, ban samu komai ba sai famfo mai ɗiga. Da ya karanta bayanan taro sai ya ga watanni ana tattauna canza duk barandar ginin, har an karɓi farashi daga 'yan kwangila, saura ƙuri'a. Tunda ba a kaɗa ƙuri'ar ba, babu shi a kundin takardun ƙungiya. Ya koma ya nemi ragi, aka rage masa, ya saya da idonsa a buɗe. Ki duba dokokin zama ma: ko ana barin gasa nama a baranda, ko shanya, ko mutum nawa aka yarda su zauna, ko za ku iya ba da haya in aiki ya mayar da ku wani gari ko kuka tafi gida na shekara guda.

Rahoton dubawa yakan iso cikin kwana ɗaya, shafi talatin ko fiye, cike da hotuna. Kada yawansa ya tsorata ku. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ginin 1972 ba zai fito kamar na bana ba. Ku ware abin da ya shafi rai, wato wuta, gas da ƙarfen baranda, da ruwan da yake yoyo yanzu, da manyan na'urorin da suka tsufa. A kan waɗannan ake ciniki: ko mai gida ya gyara, ko ya rage kuɗi, ko ku janye in yarjejeniyarku ta ba da dama, kuma duk a rubuce kafin wa'adi ya cika. Ni na fi son ragi a kan gyara, domin mai barin gida mafi arha zai nema. In dai shi zai gyara, a rubuta cewa mai lasisi ne zai yi kuma a kawo rasit. In matsalar daga sashen sama take ko daga bututun kowa da kowa, mai sayarwa ba shi da ikon gyara ta, sai ku nemi amsar manajan ginin a rubuce. Ranar da za a sa hannu, ko jajiberinta, ku koma gidan da rahoton a hannu bayan an kwashe kaya, ku buɗe famfunan nan, ku ɗaga kai ku kalli silin banɗaki, ku duba bangon da kabad ya tare ranar dubawa.